Kayan Cikin Kifi Da Ake Zubarwa Abincin Kaji Ne

Duk mai kiwon kaji a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ya san inda kuɗinsa ke tafiya, watau wajen abinci. Masara da dusa muna da su, gama ƙasar noma ce. Amma masara kaɗai ba ta sa kaza ta yi ƙwai sosai, domin abin gina jiki da ke cikinta bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, alhali kaza mai ƙwai tana bukatar wajen kashi 16. Saboda haka ake sayen waken suya da garin kifi, su kuwa da tsada suke.

To, ga abin mamaki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, kowace safiya masunta suna fito da karfasa da tarwaɗa, ana feɗewa don banda da suya, a zubar da hanji da sauran kayan ciki, ƙuda ya bi. Haka yake a kasuwa da bakin hanya har Kwanar Dangora. Wannan abin da ake zubarwa shi ne abin da mai kaji yake nema da kuɗinsa.

Abin Da Ke Narkar Da Shi

A cikin jikin kowace halitta akwai wani sinadari wanda aikinsa ke nan ya narkar da abinci. Masana suna kiransa enzayim. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun daɗe kuna aiki da shi. In mace ta zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi cikin kunu, ya tsinke ya yi zaƙi, aikinsa ne. In an naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi, shi ne dai.

Ciki da hanjin kifi cike suke da irin wannan sinadari. Ko kifin ya mutu ba ya daina aiki, sai ya juya ya narkar da naman kifin kansa. Abin da ke ɓata al'amarin shi ne ƙwayoyin ruɓa, su ke kawo ɗoyi da cuta. Amma ba su iya zama cikin tsami, shi kuwa sinadarin cikin kifi tsami yake so. Asirin ke nan duka: a sa tsami ya riga ruɓa shiga.

Mutanen Suwidin suka fara gwada wannan dabara wajen 1930 da 'yan kai, Danmak ta mai da ita sana'a daga 1948. A Norwe har yanzu da ita ake adana kayan cikin kifi. Su wani ruwan tsami na kamfani suke zubawa, wajen lita 3 ga kilo 100. Mu kuwa muna iya samun tsamin daga nono da zaƙin rake.

Yadda Ake Yi

Na farko, a sami kayan cikin kifi na ranar. Wanda ya kwana ya soma wari, a binne shi, gyara ba ya karɓarsa.

Na biyu, a niƙa ko a yayyanka ƙanana ƙwarai. Ga kowane kilo 10, a zuba kilo ɗaya da rabi na mazarƙwaila wadda aka narkar da ɗan ruwa kaɗan, da rabin lita na nono mai tsami. A gauraya sosai.

Na uku, a zuba cikin jarka ko duro na roba, ban da na ƙarfe, domin tsami yana cin ƙarfe. Kada a cika fal, gama zai kumbura. A rufe, a ajiye a inuwa. Kowace rana a sassauta murfi iska ta fita, a motsa, a mai da murfi.

Cikin mako ɗaya zuwa biyu za a ga ya koma kamar kunu mai kauri, launin ƙasa-ƙasa. Hanci shi ne alƙali. In ƙanshin tsami ya tashi, ya yi. In ɗoyi ne, ko ya yi baƙi, an yi hasara, sai rami. Sa'an nan muna gargaɗi: kada wani ya ce zai taƙaita wahala da ruwan batir. Akwai dalma a ciki, guba ce ga kaza da mai cin ƙwanta.

Wannan kunu yawancinsa ruwa ne. Sai a kwaɓa shi da dusar masara ko ta shinkafa, kwano da kwano, a shanya a kan leda ya bushe ƙayau, kāna a adana cikin buhu.

Yadda Ake Ba Kaji

A fara da kaɗan har su saba. Kada ya wuce kwano ɗaya cikin kwano goma na abincinsu. In an zarce, ƙwai da nama za su yi ƙarnin kifi, mai saye kuwa ba zai komo ba. Kajin da za a kai kasuwa a janye musu shi mako biyu kafin ranar. A tuna kuma ƙari ne, ba ya maye masara ko dutsen da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai.

Na Mahauta Fa?

Guntayen nama da jijiya da ake sharewa a kwata ba su da isasshen sinadarin da zai narkar da su da kansu. A manyan masana'antu akan zuba musu wanda aka tatsa daga ɗanyar gwanda, a ɗumama sa'o'i kaɗan, sa'an nan a tafasa don kashe cuta, a busar. Gashin kaji ma ana yi masa irin wannan, amma da tukunyar tururi mai ƙarfi, ba aikin gida ba ne. Abin da ƙaramin manomi zai iya shi ne ƙashi: a ƙona shi har ya yi fari, a daka, a barbaɗa kaɗan cikin abincin kaji. Jini kuwa yana da abin gina jiki wajen kashi 80 in ya bushe, amma tun da akwai maganar najasa a ciki, mutum ya tambayi malaminsa tukuna.

Ga dokoki biyu waɗanda ba a wasa da su. Ta farko, kada a ba saniya ko tunkiya ko akuya wani abu da ya fito daga jikin dabba irinsu. A Ingila an yi haka, sai cutar haukan shanu ta ɓulla cikin 1986, aka hana ba shanu garin nama cikin 1988, aka hallaka shanu miliyoyi, har mutane suka kamu suka mutu. Ta biyu, mushe ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan. Murar tsuntsaye da aka tabbatar kusa da Jaji cikin 2006 ta isa ishara ga mai jefa wa kajinsa matacciyar kaza.

Shawararmu ita ce kada kowa ya fara da duro. A yi magana da mai feɗe kifi guda, a ba shi bokiti mai murfi, a gwada kilo 10. A ware kaji goma a ba su, goma a bar su kan abincinsu na da, a riƙa rubuta ƙwan kowane ɓangare har wata guda, tare da abin da aka kashe wajen mazarƙwaila da mota. In lissafi ya nuna riba, a ƙara. Wanda ya gwada kuma ya nuna wa malamin gona na yankinsa, ya rubuto mana abin da ya gani don 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya sa albarka cikin kiwo, amin.