Dariyar da ta rabu gida biyu a Amurka

A watan Afrilun 2006, wurin liyafar shekara-shekara ta 'yan jaridar da ke aiki a Fadar White House, ɗan barkwanci Stephen Colbert ya miƙe ya kama yabon Shugaba George Bush. Yabon na gatse ne. Ya fito a matsayin ɗan gani-kashe-nin shugaban, yana kambama shi, kowace kalma kuwa tana tona asirin yaƙin Iraƙi, alhali Bush na zaune taku kaɗan daga gare shi. Manyan baƙi suka yi tsuru-tsuru, dariya sai jefi-jefi. Cikin kwanaki bidiyon ya karaɗe intanet.

A lokacin, fagen shaguɓen siyasa a talabijin kusan duk na masu sassaucin ra'ayi ne. Jon Stewart ya karɓi shirin The Daily Show a 1999, yana jera tsohuwar maganar ɗan siyasa kusa da sabuwarta har mutum ya ƙaryata kansa da bakinsa. A 2008 'yar barkwanci Tina Fey ta kwaikwayi 'yar siyasar Rifablikan Sarah Palin a shirin Saturday Night Live, tabarau da ɗaurin gashi da karin harshe duk ta ɗauko, har Palin da kanta ta zo shirin aka yi da ita. Tashar Fox News ta gwada nata shirin barkwancin a 2007, bai kai shekara ba ya mutu, aka riƙa cewa masu ra'ayin riƙau ba su iya ban dariya ba.

Maganar ba ta ɗore ba. A 2016 aka kafa shafin The Babylon Bee, mai ƙirƙirar labaran wasa irin na The Onion, wadda ta faro tun 1988. Da farko Bee ɗin majami'un da ta fito daga cikinsu take zolaya, kafin ta karkata ga 'yan Dimokurat. A 2021 Greg Gutfeld ya buɗe shirinsa na dare a Fox, kuma ba a daɗe ba ya fara zarce shirin dare na Colbert a yawan masu kallo.

Yanzu kowane ɓangare na da mawaƙansa, kuma a nan asarar take. Wasan taubasai yana da daɗi ne saboda wanda ake tsokana yana wurin, zai rama, a tashi ana dariya tare. Mai kallon Gutfeld kuwa da wuya ya leƙa Colbert, haka ma mai kallon Colbert. Wanda ake yi wa zambo ba ya ji, masu jin kuma sun riga sun yarda tun kafin a buɗe baki, sai tafi ya fi dariya yawa. Donald Trump, wanda Barack Obama ya yi wa ba'a ido da ido a liyafar 'yan jaridar ta 2011, bai halarce ta ko sau ɗaya ba a wa'adinsa na farko.

Dokar ƙasar dai tana bayan masu shaguɓe: a 1988 Kotun Ƙoli ta yanke cewa fitaccen mai wa'azi Jerry Falwell ba zai karɓi diyya daga mujallar Hustler ba don ta yi masa mummunar ba'a. Sai dai hukuncin bai ɗaure kamfanoni ba, kuma ɓangarorin biyu duk sun ɗanɗana. Twitter ta kulle shafin Babylon Bee a Maris 2022, sai da Elon Musk ya sayi kamfanin aka buɗe shi. A Satumban 2025 tashar ABC ta dakatar da ɗan barkwanci Jimmy Kimmel kan kalamansa bayan kisan mai ra'ayin riƙau Charlie Kirk, sa'o'i kaɗan bayan shugaban hukumar sadarwa, Brendan Carr, ya yi barazana. Cikin waɗanda suka tsawata wa Carr har da Sanata Ted Cruz na Rifablikan, mutumin da Kimmel ya sha yi wa zambo, yana gargaɗin cewa gobe wata gwamnatin za ta juya wannan makami kan 'yan ra'ayin riƙau. Ranar 23 ga watan Kimmel ya koma bakin aiki.