Jarumi Ɗaya, Mayaƙa Dubu: Me Kimiyya Ta Ce Game da Wasannin Yaƙin Ƙasar Sin?

Duk wanda ya leƙa shagunan wasan gem da matasa ke taruwa a cikinsu da yamma a garuruwa irin su Gummi, Anka da Bukkuyum, zai tarar cewa ƙwallon ƙafa ce sarauniyar wasanni. Amma a bayanta akwai wani rukuni da ke ɗaukar hankalin yara, wato wasannin sara da suka, inda jarumi guda kan kutsa cikin rundunar abokan gaba riƙe da mashi ko takobi, yana share su kamar mai yankan gero. A gefen allon talabijin kuwa akwai lamba tana ta hawa, tana ƙirga waɗanda ya kayar: 100, 500, har 1,000. Tambayar da ta kamata ɗalibin kimiyya ya yi ita ce, ta yaya na'ura ke iya nuna wannan taro, kuma shin jikin ɗan Adam zai iya yin abin da ake gani?

Asalin Labarin

Mafi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dynasty Warriors, wanda kamfanin Koei na ƙasar Japan ya fara fitarwa a 1997. Na farkon karawa ce tsakanin mutum biyu. A na biyun, wanda ya fito a 2000 a kan na'urar PlayStation 2, aka soma tsarin mutum ɗaya da dubu. Japanawa na kiran wannan salo Musou, ma'ana marar tamka.

An ɗauko labarin ne daga tarihi na gaskiya. A shekara ta 184 Miladiyya, talakawa masu ɗaura rawaya a ka suka yi wa daular Han ta ƙasar Sin bore. Sarakunan yaƙin da aka tura su kwantar da tarzomar suka ƙi ajiye makamai, kowa ya kama yankinsa. Daular ta rushe a 220, ƙasar ta dare gida uku, wato Wei, Shu da Wu, ba ta sake haɗewa ba sai a 280. Wani malami mai suna Chen Shou ya rubuta tarihin wannan zamani a ƙarni na 3. Bayan fiye da shekara dubu, a ƙarni na 14, aka sami ƙagaggen labari a kan daulolin uku, wanda ake danganta shi ga Luo Guanzhong. Shi ne ya ƙara wa miyar gishiri, ya mai da janar-janar irin su Guan Yu da Zhao Yun gwarazan da ba a iya tara. Masu wasan gem daga wannan littafi na biyu suka fi ɗiba, sa'an nan suka ƙara nasu.

Dabarun Na'ura

Motsin da muke gani a allo jerin hotuna ne tsayayyu da ke sauyawa da sauri, 30 ko 60 a kowace daƙiƙa. Idan 60 ne, na'ura na da ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ta lissafa inda kowane soja yake, ta zana shi, ta shafa masa launi. Kowane jiki kuwa an gina shi ne da ƙananan alwatika masu yawa da aka harhaɗa kamar saƙar tabarma. Babbar ma'ajiyar aiki ta PlayStation 2 megabait 32 ce kacal, wadda wayar komai-da-ruwanka mafi araha ta yau ta ninka ta sau da dama. Saboda haka dole masu tsara wasan suka koma ga dabara.

Dabara ta farko ita ce hazo. Filin daga kan kasance a lulluɓe kamar ranar da hunturu ya sauka da ƙura, domin abin da ido bai gani ba na'ura ba ta wahalar zana shi. Sojojin da ake nunawa a lokaci guda 'yan gomomi ne, da zarar an kayar da su sai wasu su ɓullo daga cikin hazon, mai wasa ya ɗauka runduna ce marar iyaka. Dabara ta biyu ita ce maimaici: siffar soja guda ake ajiyewa, a yi ta buga ta kamar hatimi. Ta uku, sojan da ke nesa akan rage masa yawan alwatika, tunda ba mai lura da yatsunsa. Rundunonin da ke can wani sashe na filin kuwa lambobi ne kawai da na'ura ke ƙarawa tana ragewa. Na'urorin yanzu sun fi ƙarfi ƙwarai, har wasan Dynasty Warriors: Origins na 2025 na cika allo da sojoji, amma yawancin waɗannan dabaru suna nan ana aiki da su.

Akwai kuma dabara ta huɗu, wadda ita ce sirrin jarumtar baki ɗaya. Mai karatu ya lura da kyau idan ana wasan: yawancin sojojin da suka kewaye jarumin tsayawa suke yi suna kallonsa, ɗaya ko biyu ne kan kawo hari jefi-jefi. Haka aka umarce su a cikin manhajar. Da za a bar su su kai sara gaba ɗaya, wasan ba zai kai minti guda ba.

A Gwada da Alƙalami

Bari mu auna bugun nan da jarumi kan yi, mutum goma su tashi sama. A ƙaddara kowannensu na da nauyin kilo 70, kuma ya tashi mita 3. Dokar da ɗaliban fiziks suka sani ta ce a ninka nauyi da ƙarfin jan ƙasa, wanda ya kusa 10, a kuma ninka da tsawo. Wato 70 sau 10 sau 3, ya ba da jul 2,100 ga mutum guda, 21,000 ga mutum goma. Idan bugun ya ɗauki rabin daƙiƙa, ƙarfin da aka zuba ya kai wat 42,000, kwatankwacin injin ƙaramar mota. Ƙaramin janareton da ke kunna talabijin ɗin shagon bai cika wuce wat 1,000 ba. Ƙwararrun masu tseren keke kan kai wajen wat 2,000, amma na 'yan daƙiƙu. Manomi mai ƙarfi da zai yini yana noma, abin da jikinsa ke bayarwa a tsawon yinin bai wuce wat 100 ba ko kusa da haka.

Makaman ma haka suke. Ƙagaggen labarin ya ba Guan Yu wani dogon makami mai faɗin kai, wanda ko da ma'aunin zamanin Han aka auna shi zai kusa kilo 20. Takobin yaƙi na gaske, irin wanda maƙeranmu suka saba ƙerawa, bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, domin makami mai nauyi mai shi yake fara kayarwa. Masu binciken kayan tarihi kuma sun nuna cewa likkafa ba ta bayyana a ƙasar Sin ba sai bayan mutuwar waɗannan jarumai. Duk mahayin da ya taɓa hawan sallah ya san bambancin zama a sirdi da likkafa da zama ba ita.

Lissafin Yawa

A 1916 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya wallafa lissafi a kan yadda yawa ke tasiri a yaƙi. Idan gaba da gaba ake yi da takobi, ƙarfin runduna daidai yake da yawanta. Amma idan harbi ake yi daga nesa, inda mutane da yawa za su iya auna mutum guda a lokaci ɗaya, ƙarfin runduna na tafiya ne da yawanta an ninka shi da kansa. Alal misali, maharba 1,000 sun kara da 500, makamansu iri ɗaya. A cire 250,000 daga 1,000,000, a nemi tushen abin da ya rage, za a sami kimanin 866. Wato babbar rundunar za ta gama da ƙaramar bayan ta rasa mutum 134 kawai. A bisa wannan ƙa'ida, wanda zai tunkari maharba 1,000 shi kaɗai sai ya fi kowannensu tasiri sau miliyan. Sojojin Han kuwa sun shahara da baka mai kunama, wanda ko sabon ɗauka zai iya koyon harbi da shi cikin ɗan lokaci.

Abin da Tarihi Ya Shaida

Manyan yaƙe-yaƙen wancan zamani ba ƙarfin damtse ne ya yanke su ba. A Guandu, a shekara ta 200, Cao Cao, wanda ake furta sunansa Tsau Tsau, ya fuskanci Yuan Shao mai rundunar da ta fi tasa yawa. Da dare ya kai samame Wuchao ya ƙone rumbunan abincin abokin gabarsa, rundunar ta watse. A Chibi, a ƙarshen 208, shi ma ya ɗanɗana kuɗarsa: an cinna wa jiragensa wuta a kogin Yangtze, kuma tun kafin nan annoba ta riga ta karya sojojinsa 'yan arewa da ba su saba da yankin ba.

Ba sai mun je Sin ba kafin mu ga wannan darasi. A Tabkin Kwatto, a 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda dawakinsu kaɗan ne kuma yawancinsu maharba, sun karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai barade da 'yan lifidi. Kibiya daga nesa da tsayawa a sahu suka rinjayi doki da sulke. Amma bayan nasarar sai yunwa ta zama babbar abokiyar gaba. A 1805 jama'ar ta koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara, kuma neman abincin dubban mutane ya yi wa manoman yankin nauyi, har ya ɓata dangantaka da Zamfarawa da yawa waɗanda da farko suka goyi baya. Lissafin mai sauƙi ne: idan kowane mayaƙi na cin kilo guda na hatsi a rana, mutum 10,000 na buƙatar buhu 100 mai kilo ɗari-ɗari kullum, ban da harawar dawaki da ruwan sha.

Akwai wata lamba da wasan ba ya nunawa a gefen allo. Ƙidayar da daular Han ta yi a tsakiyar ƙarni na 2 ta sami mutum wajen miliyan 56. Wadda aka yi a 280 ta sami wajen miliyan 16. Ba duk waɗanda suka ɓace daga rajista ne suka mutu ba, da yawa gudun hijira suka yi ko suka fake ƙarƙashin manyan masu ƙasa, amma ko ta wace fuska aka duba, garuruwa sun zama kufai, gonaki sun koma daji. Mutanen Zugu da ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda suka ga yadda rashin tsaro ke raba manomi da gonarsa, ba su buƙatar a fassara musu ma'anar wannan lamba.

Kira ga Malamai da Ɗalibai

Hana yaro wasa ba ya hana shi sha'awarsa, amma malami na iya jawo wannan sha'awa zuwa aji. A ba ɗalibai murfin kwalba bakwai masu girma ɗaya, a sa guda a tsakiya, su gano da kansu cewa shida ne kawai za su iya kewaye shi su taɓa shi. Daga nan a tambaye su abin da ya sa mai tsaron ƙofar gari ko mashigin ganuwa kan iya tare mutane da yawa, alhali a fili ba zai iya ba. A sa su sake lissafin jul da wat da nauyin jikinsu. A aji na gaba kuma su gwada ƙa'idar Lanchester da lambobi daban-daban.

Abu na ƙarshe shi ne, waɗanda suka ƙirƙiri waɗannan wasanni sun ɗauki tarihin da ya kusa shekara 1,800 suka haɗa shi da lissafi da zane, duniya ta saya. Mu ma muna da namu: faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa a ƙarni na 18, da ƙaurace-ƙauracen sarakunanta har suka zauna a Anka, inda Sarkin Zamfara yake har yau. Manhajoji irin su Scratch da Godot kyauta ake samun su, kuma ɗalibin sakandare mai kwamfuta matsakaiciya zai iya somawa da su. Wanda zai gina wasa a kan wannan tarihi yana buƙatar alwatika da aljabara daga malamin lissafi, dokokin motsi daga malamin fiziks, da kuma zama gaban dattawan garinsu da littafin rubutu a hannu, tun suna raye.