Maryam Babangida: 'Yar Asaba, Uwargidan Minna

Ran 6 ga watan Satumba na 1969, sa'ad da yaƙin basasar Nijeriya bai kai ga ƙarewa ba, aka ɗaura auren wani matashin hafsa mutumin Minna da wata budurwa wadda mahaifinta ɗan Asaba ne. Angon, watau Ibrahim Badamasi Babangida, bai daɗe da tashi daga jinyar harbin da aka yi masa a bakin daga ba. Amaryar kuwa, wadda a lokacin ake kira Maria Okogwu, shekararta 20 da haihuwa. Bayan shekara 16 sai ga wannan gida ya zama gidan shugaban ƙasa.

Duk mai son ya fahimci Hajiya Maryam Babangida, sai ya fara duban asalinta, gama ita kanta 'yar gida biyu ce. An haife ta ran 1 ga watan Nuwamba na 1948. Mahaifinta, Leonard Okogwu, Ibo ne na Asaba da ke gaɓar Kogin Kwara. Mahaifiyarta kuwa, Hajiya Asabe, mutuniyar Lardin Neja ce. Ta fara karatu a Asaba, kana ta zo Kaduna ta shiga makarantar 'yan mata wadda a yau ake kira Kwalejin Sarauniya Amina, daga nan ta koyi aikin sakatariya. Ta wajen dangin uwa ne ta san mijinta, dalili kuwa shi ne Garba Duba, ɗan'uwanta, aminin Babangida ne tun suna makaranta a Bida, kuma tare suka shiga soja.

Aure irin wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. A watan Oktoba na 1967 sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza a Asaba, garin mahaifinta. Ba a cika shekara biyu ba sai ga 'yar garin ta auri hafsan rundunar tarayya, wanda shi kuma harsashin Biyafara ya same shi a ƙirji. Ta bar addinin Kirista ta karɓi Musulunci, ta zama Maryam, amma ba ta yanke zumunci da dangin uba ba. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu: Muhammad, Aminu, A'isha da Halima. Ga Babangida, wanda ya rasa iyayensa tun yana yaro, wannan gida shi ne ya cike masa gurbin wanda ya rasa.

Shekarun farko na zaman nasu shekarun bariki ne. Matar soja ba ta da tabbacin garin da za ta wayi gari a cikinsa baɗi, wani lokacin ma ba ta san inda maigida ya kwana ba, balle a ƙasar da juyin mulki ya zama ruwan dare. Da aka naɗa mijinta babban hafsan sojojin ƙasa bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, sai ta zama shugabar ƙungiyar matan hafsoshin soja. Abin da ta gani a wannan rayuwa shi ne ta tattara a littafinta mai suna The Home Front, wanda ya fito a 1988.

Ran 27 ga watan Agusta na 1985 Janar Babangida ya karɓi mulki. Kafin wannan lokaci, galibin matan shugabannin Nijeriya ba a faye jin ɗuriyarsu ba, wasu ma jama'a ba su san fuskarsu ba. Maryam ce ta sauya wannan al'ada. A 1987 ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka fi sani da Better Life, ta kuma jawo matan gwamnoni cikinsa, aka kafa ƙungiyoyin gama kai, da wuraren koyon sana'a, da azuzuwan yaƙi da jahilci. A 1991 aka ba ta lambar yabo ta Afirka kan yaƙi da yunwa, tare da Wangari Maathai ta ƙasar Kenya.

To, amma fitowar tata ba ta zo kyauta ba. Masu suka sun ce tsarin mulki bai san da ofishin uwargidan shugaban ƙasa ba, suna tambayar inda kuɗin ke fitowa da wanda ke binciken yadda ake kashe su. Wasu kuma suka ce matan birni masu ado sun fi matan ƙauye cin moriyar shirin.

Ranar da ta fi kowace tsanani ga iyalin ita ce 22 ga watan Afrilu na 1990. A daren nan sojojin da suka yi yunƙurin juyin mulki suka buɗe wa Barikin Dodan da ke Ikko wuta, alhali iyalin shugaban ƙasa suna ciki. Dogarinsa, Laftanar Kanar U. K. Bello, ya rasa ransa, su kuwa suka tsira da ƙyar. Da gari ya waye sai Manjo Gideon Orkar ya yi shela a rediyo cewa an fitar da jihohi biyar daga Nijeriya, watau Sakkwato, Katsina, Kano, Bauchi da Borno. Da abin ya tabbata, da an raba ƙasar da 'ya'yan Maryam suke da dangi a kudu da arewacinta.

Zumuncin nan na gida biyu shi ne kuma ya jawo mata zargi mafi daɗewa. Ran 27 ga watan Agusta na 1991 aka ƙirƙiro Jihar Delta daga tsohuwar Jihar Bendel, aka mai da Asaba babban birninta. Mutanen yankin Warri, waɗanda suka sa rai da hedkwatar, suka ce surukuta ce ta yi aiki. Mutanen Asaba kuwa suka riƙe ta a matsayin 'yar da ba ta manta da gidan ubanta ba. Har yau ba a daina wannan muhawara ba.

Bayan soke zaɓen 12 ga watan Yuni na 1993, Babangida ya sauka a watan Agusta, iyalin suka koma Minna. A can ta mai da hankali ga makarantar El-Amin wadda ta kafa, ta rage fitowa bainar jama'a. Daga bisani ciwon daji ya kama ta, aka kai ta wani asibiti a birnin Los Angeles na Amurka, inda ta cika ran 27 ga watan Disamba na 2009, tana da shekara 61, mijinta yana gefenta. Aka kawo gawarta aka rufe a Minna, bayan zaman aure na shekara 40. Janar Babangida bai sake yin aure ba, 'yarsu A'isha kuwa ta ɗauki ragamar shirin mahaifiyarta.

A yau kabarinta yana Minna, garin mijinta. Akwai babban titi mai sunanta a Asaba, garin mahaifinta. Cibiyar bunƙasa mata ta ƙasa da ke Abuja ita ma sunanta take ɗauke da shi. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.