Yadda Ake Daidaita Lokacin Kwanciya da Tashi Don Magance Rashin Barci

Likitoci na ɗaukar rashin barci a matsayin ciwo idan mutum yana kasa runtsawa, ko yana farkawa tsakar dare barcin ya ƙi dawowa, aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3. Daga cikin hanyoyin magance shi ba tare da ƙwaya ba akwai taƙaita lokacin kwanciya, dabarar da Arthur Spielman da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1987. A 2023 wani bincike na Jami'ar Oxford ya nuna cewa ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci ma suna iya koyar da ita, kuma tana aiki.

Tushen dabarar shi ne, mai rashin barci yakan kwanta da wuri don ya rama, sai ya ɓata awoyi yana juyi a shimfiɗa, har ƙwaƙwalwarsa ta saba haɗa kwanciya da tunane-tunane. Idan aka rage masa lokacin kwanciya, barci yakan taru masa ya yi nauyi, ya ɗauke shi da sauri.

Da farko mutum zai yi mako 1 ko 2 yana rubuta lokacin da ya kwanta, da lokacin da ya tashi, da kimanin awoyin da ya yi barci. Sai a tsayar da lokacin tashi, wanda ba ya motsawa ko da an kwana ido biyu. A garuruwa irin Sarkin Yamma da ke yankin Madarunfa a jihar Maraɗi, kiran sallar asuba ya riga ya tsayar wa mafi yawan mutane wannan lokaci. Don haka lokacin kwanciya ne ake matsarwa.

Misali, manomin da ke kwanciya ƙarfe 9 na dare ya tashi ƙarfe 5 yana awa 8 a shimfiɗa. Idan barcinsa awa 5 da rabi ne, to kashi 69 cikin 100 ke nan na kwanciyarsa. Sai a ba shi awa 5 da rabi kacal: ya kwanta ƙarfe 11 da rabi, ya tashi ƙarfe 5. Komai ƙarancin barcin mutum, galibi ba a rage masa ƙasa da awa 5.

Duk ƙarshen mako sai a sake lissafi. Idan barci ya kai kashi 90 na kwanciya, a ƙara minti 15, wato manomin nan ya kwanta ƙarfe 11 da kwata. Idan ya gaza kashi 85, a rage minti 15. In yana tsakani, a bar shi yadda yake. Wasu likitocin suna amfani da kashi 85 da 80 a maimakon 90 da 85. Haka za a bi mako-mako har mutum ya riƙa wuni ba gyangyaɗi.

Makon farko ya fi wuya, domin kasala da hamma sukan ƙaru. Ba a yin ƙailula ko da a zafin bazara ne, kuma ana daina shayi da kofi da goro tun bayan azahar. Awoyin da ke tsakanin isha'i da kwanciya ana cinye su a zaune, da hira ko karatu ko sauraron rediyo, ba a kishingiɗe a tabarma ba. Watan azumi bai dace da farawa ba, saboda sahur da sallar dare suna raba barci.

Dabarar ba ta kowa ba ce. Mai farfaɗiya, da mai taɓin hankalin da rashin barci ke tayarwa, da mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, da mai juna biyu, sai da izinin likita. Direbobi da 'yan kabu-kabu da masu aiki da injin niƙa kuwa suna cikin haɗarin gyangyaɗi a bakin aiki, don haka ko dai su fara lokacin hutu, ko a riƙa rage musu lokacin kwanciyar kaɗan-kaɗan.