Ba Kowace Shakka Ce Ke Fitar da Mutum Daga Imani Ba

Akwai wata fahimta da ta yaɗu a tsakaninmu, wadda mutanen kirki da dama suka riƙe da zuciya ɗaya. Suna ganin duk wanda tambaya game da samuwar Allah ta ɗarsu a ransa, to imaninsa ya riga ya tafi, wanda kuma ya furta ta a gaban malami fitina yake nema. Kishin addini ne ke motsa masu wannan ra'ayi. Sun san imani yaƙini ne, sun kuma ga samarin da suka fara da tambaya suka ƙare da barin salla, shi ya sa suke ganin gara a toshe ƙofar tun da wuri. Tsoronsu yana da dalili, amma hukuncin da suka ɗora a kansa ya saɓa wa nassi da tafarkin magabata.

Mu fara da sahabbai. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wasu daga cikinsu sun zo wurin Manzon Allah (SAW) suna kukan cewa wani tunani na zo musu wanda bakinsu ba zai iya faɗa ba saboda muninsa. Bai kore su ba, bai kuma ce su sake shahada ba. Ya shaida musu cewa wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun yi bayanin cewa nauyin da suka ji da ƙin da suka yi wa tunanin, su ne alamar imani na nan da ransa, domin ɓarawo ba ya wahalar da kansa a kango. Buhari da Muslim sun kuma ruwaito cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata ke saƙawa, matuƙar ba a furta shi ko an yi aiki da shi ba.

Na biyu, neman ƙarin natsuwa ba laifi ba ne. A aya ta 260 cikin Suratul Baƙara, Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu. Ba shakka yake yi ba, natsuwar zuciya yake nema, Allah kuma Ya amsa masa da tsuntsaye huɗu. Idan Halilullahi ya nemi wannan aka ba shi, da wace hujja za a tsawata wa ɗalibin da ya nemi a ƙarfafa masa gwiwa da dalili?

Za a iya cewa ai hadisi ya umarci wanda Shaiɗan ya raɗa wa tambayar wa ya halicci Allah da ya nemi tsari ya daina. Haka ne, kuma umarnin yana nan daram. Sai dai Imamul Maziri, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1141, ya raba abin gida biyu. Akwai waswasin da ke giftawa ba tare da wani tushe ba, maganinsa a kau da kai. Akwai kuma shubuhar da ta samu wurin zama saboda wata hujja da mutum ya ji ko ya karanta, ita kam ba ta fita sai da nazari da dalili. Wanda ya ba wa mai shubuha maganin mai waswasi bai warkar da shi ba, ya dai koya masa yin shiru. Shakkar da malamai ke cewa tana warware imani ita ce wadda mutum ya amince da ita, ya zauna a kanta, ya ƙi neman mafita.

Tarihi ma shaida ne. Imamul Gazali, wanda ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ya rasu a 1111, ya ba da labari da kansa cewa ya yi kusan wata biyu yana kokwanton ko gani da ji da hankali ma abin dogaro ne, kafin Allah Ya yaye masa. Wannan bai hana a kira shi Hujjatul Islam ba. A nan ƙasarmu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce da yawa yana raddi ga ɗaliban zamaninsa da ke gaggawar kafirta talakawa don ba su iya zayyano hujjojin tauhidi ba. Littafin Ummul Barahin na Shaihu Sanusi da ake karantawa a zaurukanmu kuwa, cike yake da dalilan hankali a kan samuwar Allah. Da tambayar haramun ce, da ba a wahala wajen rubuta amsarta ba.

A duba abin da ke faruwa yau. Yaro ya ci karo da wata magana a wayarsa cikin dare, ya kwana yana juyi. Bayan sallar Magariba ya durƙusa gefen buzun malam, murya na rawa, ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai abin da ke damuna." Idan amsar da ya samu tsawa ce, ba zai sake tambaya ba. Zai ci gaba da tsayuwa a sahu, tambayar kuma zai kai ta intanet, wurin waɗanda ba su damu da lahirarsa ba.

Saboda haka nauyin yana wuyan iyaye da malamai. Wanda ya zo da irin wannan damuwa a zaunar da shi, a saurare shi har ya gama, a rufa masa asiri, a gano ko waswasi ne ko shubuha, sannan a ba shi maganin da ya dace. Wanda ba shi da amsa ya tura shi wurin wanda ya fi shi sani. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai idan wanda ya tambaya ya nuna masa hanya. Allah Ya tabbatar da zukatanmu a kan gaskiya.