Keken da dole ta sa Maiduguri hawa, kada a jingine shi

Idan kana zaune a Wulari, ko kuwa hanyarka ta zuwa aiki tana ratsawa ta nan, gwada tsayawa a bakin titi gobe da safe ka lura da abin da zai wuce ta gabanka cikin minti goma. Za ka ga Keke Napep jere da juna, ga motoci. A tsakaninsu kuma za ka ga abin da ya yi ƙaranci a tsakiyar Kano ko Kaduna, wato magidanta a kan keken hawa, wani da buhu a kariya, wani ya goyo ɗansa zuwa makaranta. Babur kuwa da wuya idonka ya faɗa kansa.

Wannan yana da dalili. A watan Yulin 2011, lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta kuma maharan ke amfani da babura wajen kai hari, gwamnatin Kashim Shettima ta haramta hawa babur a Maiduguri da Jere. Dare ɗaya 'yan acaba suka rasa sana'a, ma'aikata da 'yan kasuwa suka rasa abin hawa. Mai hali ya shiga Napep, saura suka zaƙulo tsofaffin kekuna ko suka taka da ƙafa. Bayan shekara 12, a ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Kuɗin Napep ya tashi, wasu masu motoci suka lulluɓe su a gida, aka sake komawa ga keke da ƙafa.

Ka ga ke nan sau biyu dole ce ta ɗora mutanen garin nan a kan sirdi. Shi ya sa da yawa ke kallon keke a matsayin alamar rashi, abin da za a jingine ranar da Allah ya buɗa. Amma Bahaushe ya ce wani hanin ga Allah baiwa ne. Abin da manyan biranen duniya ke kashe maƙudan kuɗi don jawo hankalin mutanensu gare shi, Maiduguri ta riga ta same shi. Saura ta riƙe shi da kyau.

Maganin da ba a saye a kemis

Tambayi kanka, a cikin danginka da abokanka mutum nawa ne ke shan maganin hawan jini ko na ciwon suga? Wataƙila kai ma kana ciki. Waɗannan cututtuka da a da ake cewa na masu kuɗi ne, yanzu sun shiga gidan malamin makaranta da na tela. Gado da abinci da damuwa duk suna da hannu, amma zaman wuri ɗaya yana sahun gaba. A fito daga gida a zauna a Napep, a sauka a zauna a shago ko ofis, da yamma a zauna a majalisa, a koma gida a kwanta da waya a hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma su samu kimanin minti 60 a kowace rana. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kusan kashi 31 cikin 100 na manya a duniya ba sa cika wannan ƙa'ida. Minti 150 ɗin nan, idan ka raba, rabin awa ne a rana sau biyar a mako. Matsakaici kuma yana nufin tafiyar da za ta sa numfashinka ya ɗan ƙaru, jiki ya yi ɗumi, amma kana iya magana da na kusa da kai.

Ga yadda abin ke aiki. Duk lokacin da manyan tsokokin cinya da ƙwauri ke motsi, suna zuƙe sukari daga cikin jini su ƙona shi, jiki kuma ya fi jin maganar sinadarin insulin. Zuciya tana ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini suna sakin jiki, sai hawan jini ya sassauta. A hankali haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana raguwa, barci ya gyaru, tumbi ya fara sauka. Ga mai nauyin jiki ko mai ciwon gwiwa, keke yana da wata fa'ida, domin sirdi ne ke ɗaukar nauyinsa.

Mutane da yawa sun sha ɗaura niyyar fita gudu da asuba, sati biyu su bari. Dalili shi ne an ware wa abin lokaci na daban, kuma magidanci mai neman na cefane ba shi da wannan lokacin. Tafiyar zuwa aiki ko kasuwa kuwa, ko ka so ko ka ƙi sai ka yi ta. Idan ka mayar da ita motsa jiki, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Lissafin lokaci da na aljihu

Maiduguri shimfiɗaɗɗen gari ne, babu hawa babu gangara, kuma wannan babbar gata ce ga mai keke. Mai tafiya da ƙafa da ɗan sauri yana cin kusan kilomita 5 a awa, mai keke ba tare da ya takura kansa ba yana cin kusan 15. Wato tafiyar kilomita uku minti 12 ce a keke, a ƙafa kuma ba ta kai minti 40 ba. Ga mazaunin Wulari da ke harka a Post Office ko Kasuwar Monday, haɗa lokacin jiran Napep da tsaye-tsayen ɗaukar fasinja da cunkoso, sai ka ga sau da yawa mai keke ya riga ka isa.

Yanzu ɗauki biro. A ce, don misali kawai, naira 200 kake biya wa kowane yaro zuwa makaranta, 200 dawowa, kuma yara uku gare ka. A rana 1,200 ke nan, a mako 6,000, a wata wajen 24,000. Sa naka kuɗin na gaskiya a wurin, ka kwatanta da farashin keke mai kyau na hannu. A gidaje da yawa, kuɗin mota na 'yan watanni ya isa ya saye shi. Bayan nan abin da zai ci maka sai faci da man sarƙa da sauya taya lokaci zuwa lokaci. Kakanninmu da suka hau Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, sun san keke ɗaya yana iya yi wa uba hidima ya bar wa ɗa.

Uwargida, da ke ma ake

A garuruwanmu ba kasafai ake ganin matar aure a kan keke ba, ko da yake a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, inda rana ke dukan mutane kamar nan, mata na tuƙa keke zuwa kasuwa da zanensu da goyonsu, babu mai waiwaye. Ko ba ki hau ba, ƙafa tana nan. Aikin gida yana gajiyarwa, amma yawancinsa tsayuwa ne da sunkuyo, ba ya sa zuciya bugun da tafiya mai ɗan sauri ke sa ta. Raka yara Islamiyya da ƙafa. Idan za ki barka ko dubiya a cikin unguwa, nemi maƙwabciya ku taka tare. Idan nesa ne, ki sauka daga Napep kafin ki isa, ki ƙarasa da ƙafa na minti goma. Mai juna biyu da ba ta da wata matsala ita ma tafiya tana yi mata amfani, amma ta fara tambayar ma'aikatan asibiti a wurin awo. Maigida kuma, ranar da babu aiki ka fita da iyali bayan la'asar. Yara abin da suka gani suke koya.

Rana da ƙura

Kowa ya san zafin Maiduguri daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Babu mai cewa ka tuƙa keke da tsakar rana a wannan yanayi. Fita da sassafe, dawo bayan la'asar, riƙe gorar ruwa, sa hula da tufafi masu haske marasa nauyi, ka bi layukan da ke da inuwar dogon yaro. Idan ka ji jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko tashin zuciya, tsaya a inuwa ka sha ruwa. Da hunturu rufe hanci da baki saboda ƙura, musamman mai asma. Da azumi a bar tafiya mai nisa sai da safe ko bayan an sha ruwa.

Wanda ke jin ciwon ƙirji ko yankewar numfashi idan ya yi ɗan aiki, da wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya fara. Mai ciwon suga ya riƙe dabino ko alewa a aljihu saboda faɗuwar sukari, ya sa takalmi rufaffe mai laushi, ya duba tafin ƙafarsa kullum. Kuma tafiya ba ta maye gurbin magani. Kada ka daina shan ƙwayarka don ka fara hawa keke. Ka fara da minti goma, ka riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Babban abin tsoro shi ne titi

Iyaye da yawa za su ce duk mun ji, amma wa zai saki ɗansa a cikin waɗannan motoci? Gaskiyarsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A ƙasar nan ma an ga darasi. A farkon shekarun 2000 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja, sai wata motar bas ta ture shi cikin rami. Mutane suka yi ta dariya, amma abin da ya fito fili shi ne kira kaɗai ba ya isa idan ba a gyara hanya ba.

Akwai abin da ke hannunka. Mai keke ya bi hannun dama tare da motoci, kada ya yi musu gaba da gaba. Mai tafiya a ƙasa, inda babu gefen masu ƙafa, ya bi hannun hagu yana fuskantar motar da ke zuwa. Duba birki da iskar taya kafin a fita. A sa ƙararrawa, da fitila fara a gaba da ja a baya, a guji baƙaƙen kaya da dare. Hular kwano ta keke tana kare kai idan an faɗi. A yi hattara da Napep, domin yakan yanko gefe ba zato idan ya hango fasinja. Ƙaramin yaro kada a sake shi babban titi shi kaɗai. Ka bi hanyar makarantar tare da shi sau da yawa, ku zaɓi layukan cikin unguwa, ka nuna masa inda zai sauka ya tura keken ya tsallaka. Idan kuma kai ne a bayan sitiyari, ka sani cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa fiye da sau huɗu idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Ɗaga ƙafa kusa da makaranta da kasuwa.

Saura kuma na hukuma ne. An ga gadar sama ta Custom da aka buɗe a ƙarshen 2021, an ga motocin haya masu aiki da lantarki da gwamnatin Babagana Zulum ta kawo don sauƙaƙa sufuri. Mai keke da mai ƙafa su ma suna da haƙƙi a titi, kuma buƙatunsu ba su kai gada tsada ba: gefen hanya da ba a cika shi da teburan 'yan kasuwa da motocin da aka ajiye ba, lambatu a rufe, wurin tsallakawa da tudun rage gudu a ƙofar makarantu, fitilun titi, wurin ɗaure keke a kasuwa da asibiti, da sababbin bishiyoyi a madadin waɗanda aka sare wajen faɗaɗa hanya. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, tun 2016 ake rufe wasu tituna ga motoci a wasu ranakun Lahadi da safe don jama'a su fito su motsa jiki. A Bogota ta Kolombiya an fara irin wannan tun 1974. Ƙungiyar iyaye da malamai, da mai unguwa, da kansila, duk ƙofofi ne da za a iya ƙwanƙwasawa. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, dama ce ta kai wannan koke.

Kafin nan, fara da abin da ke gabanka. A makon nan zaɓi tafiya ɗaya da ka saba yi a Napep, wadda ba ta wuce rabin awa a ƙafa ba, ka taka. Idan akwai tsohon keke a zaure da ƙura ta rufe, kai shi wurin mai gyara ranar Asabar. Je ka a auna jininka yanzu, ka rubuta lambar a takarda, ka koma bayan wata uku ka sake aunawa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya tsare mu a kan hanya.