Katakon rumfa da benci: Abin da ya dace a wanke shi da shi, da abin da za a shafa masa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Jega zai ga rumfunan 'yan tireda da teburan masu kayan miya da bencinan masu shayi jere a bakin titi, kuma kusan dukkansu da katako aka yi su. Mafi yawansu kan yi furfura su tsattsage cikin 'yan shekaru, wasu kuma gara ta cinye ƙafafunsu. Masu su kan ɗora laifin a kan kafinta, alhali sau da yawa matsalar tana ga abin da aka shafa wa katakon, ko kuma rashin shafa masa komai.

Yanayin yankin ne tushen wahalar. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi. A watan Agusta yakan kumbura har ƙyaure ya ƙi rufuwa, da hunturu kuma, lokacin da danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ya motse ya bar rata. Wannan kai da komo ne ke tsaga shi da sassauta ƙusoshi. Ga kuma ranar bazara, wadda zafinta kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Haskenta yana rusa sinadarin da ke riƙe zaruruwan itace, abin da ke sa fuskar katako ta koma ruwan toka. Daɗin daɗawa, galibin katakon da ake sayarwa a Sakkwato daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. Idan aka rufe irin wannan da fenti nan take, danshin da ke ciki zai tura fentin ya ɓare.

Irin itacen ma yana da nasa tasiri. Loko da maɗaci da kawo suna da juriya, azarar giginya kuwa gara ba ta cika yi mata illa ba, shi ya sa magabata suka yi rufin soraye da ita. Amma farin katako mai araha irin su obece da afara, wanda shi ne aka fi yin rumfuna da shi, ba ya jure ƙwari ko ruwa sai an yi masa magani.

Wanki kafin shafi

Ba a shafa komai a kan datti. Ga yawancin teburai da bencina, ruwa da garin sabulu da burushi mai ɗan tauri sun wadatar, a riƙa gogawa bisa tsawon zaren katakon. Idan akwai baƙin tabon fumfuna da damina ta bari, bilic irin su Hypo ko Jik yana kashe shi, amma sai an sirka shi da ruwa sosai, a bar shi 'yan mintoci, sannan a ɗauraye. Tsantsarsa yana cin fuskar katako, ya mayar da ita fari fat kamar auduga, ya kuma sa ƙusoshi tsatsa. Kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke banɗaki mai asid, domin haɗin yana fitar da iskar da ke shaƙe mutum.

Sodar da ake dafa sabulu da ita tana ɓare tsohon fenti da maiƙo, sai dai tana baƙanta itatuwa irin su maɗaci, tana kuma ƙona fata da ido. Injin feshin masu wankin mota shi ma yakan yage fuskar katako mai taushi. Bayan wanki a bar katakon ya bushe na kwana biyu ko uku a inuwa, sannan a bi shi da samfefa mai lamba 80, a ƙarasa da mai lamba 120.

Hanya mafi sauƙi ta sanin ko katako ya shirya karɓar shafi ita ce a ɗiga masa ruwa. In ruwan ya shige cikin ɗan lokaci, zai sha mai. In ya tsaya ya dunƙule, akwai sauran tsohon shafi ko maiƙo.

Maganin gara daban, rufi daban

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Maganin katako irin su Solignum aikinsa hana gara da ruɓewa, shi ake fara shafawa, musamman a bakin da aka yanka da zarto, domin ta nan katako ya fi tsotse ruwa. Wasu nau'o'insa masu duhu ba sa karɓar fenti a kansu, don haka a karanta jikin gwangwani kafin a biya.

Abin rufi kuwa iri biyu ne. Akwai mai kwanciya a saman katako kamar fata, wato banis da fentin mai, akwai kuma mai shigewa ciki, kamar man linsid da mayukan katako masu launi. Banis mai sheƙi yana ƙawata kujerun falo da ƙofofin ciki, amma a waje bai da amfani a ƙasar Sakkwato: haske yana ratsa shi, katakon da ke ƙarƙashi ya lalace, shi kuma ya tsattsage ya ɓare, kuma ba a iya gyara shi sai an kankare duka. Launi ne ke tare hasken rana. Saboda haka ƙofar waje da firam ɗin taga da allunan rumfa sun fi son fentin mai, bayan an yi shafin farko na share fage, kuma fari ko launi mai haske ya fi baƙi, domin ba ya tara zafi. Benci da dandamalin da ake takawa ko zama kullum kuwa mai shigewa ciki ya fi dacewa da su. Ba ya ɓarewa, ƙoƙewa kawai yake yi, sai a wanke a ƙara wani duk shekara ko biyu. Sai dai a kula da tsumman da aka goge man linsid da shi: in aka dunƙule shi aka jefar yana iya kamawa da wuta da kansa, don haka a shanya shi a buɗe ko a jiƙa shi da ruwa.

Sai batun baƙin mai, wanda kowa ya san ana karɓarsa a garejin makanikai a shafe katakon rufi da ƙafafun rumfa. Arha ce ta sa ya samu karɓuwa, kuma yana ɗan korar ruwa. Amma ba ya bushewa, yana ɓata tufafi, fenti ba ya kama bayansa, kuma yana ɗauke da dattin ƙarafa da sinadaran da yawan taɓa su ke iya jawo ciwon daji na fata. Bai kamata ya kusanci teburin nama ko na tumatir ko bencin da yara ke zama ba. Haka ma kiriyosot, baƙin maganin da ake jiƙa turakun lantarki da shi, wanda Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a tun 2003, da kuma Gamalin, wanda sinadarinsa ya shiga jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm a 2009.

Lokacin aiki mafi kyau shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi ta manne wa ɗanyen fenti. A yi shafin da safe ko da la'asar, domin ranar tsaka tana busar da sama ta bar ciki ɗanye. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma a haɗa da ƙarƙashin allo da bayansa, wuraren da masu fenti suka saba tsallakewa tunda ido ba ya kaiwa. Ƙafafun rumfa da na benci kuma a ɗora su a kan dutse ko bulo ko dakalin siminti, domin daga ƙasa gara ke hawowa, kuma hanyar laka da take ginawa a jikin bulo tana bayyana tun kafin ta isa katakon.